Asabar, ni da akwatin gem da zancen kati

Tun jiya da dare na ƙudura cewa yau zan kashe maganar katin girafik, wato katin da ke tura hoto daga kwamfuta zuwa monita, don ita kaɗai ta rage ta tsaya mini a rai. Akwatin ya riga ya tsaya da ƙafafunsa. Katako ya haɗu, fenti ya bushe, sandunan wasa na kamfanin Sanwa guda biyu sun zauna a gurbinsu, kowace da maɓallai shida a gefenta. Monitar ma tana ciki, tsohuwar CRT mai tulu a baya, irin ta injinan gem na tsaye, wadda sai da muka kama mu biyu kafin ta ɗagu. Kwamfutar da za ta zauna a gindin akwatin kuwa tana kan tebur a buɗe, gurbin kati wayam.

Abin da nake nema tun farkon wannan aiki ɗaya ne: in tsaya gaban akwatin nan in ga Street Fighter II da R-Type da Metal Slug yadda idona ya fara ganinsu, da launinsu da saurinsu, ba ragi ba ƙari.

Da hantsi ƙanena ya shigo da kwali a hannu. Tsohon katinsa ne, GTX 1060, wanda ya cire bayan ya sayi sabo.

"Yaya, ga wannan ka huta da bincike," in ji shi. "Gem ɗin da na buga da shi sun ninka naka nauyi ba adadi. Waɗannan tsofaffin ai ko gumi ba zai yi ba."

Na ji daɗin kyautar har raina, kuma gaskiyarsa ce ta fuskar ƙarfi. Na karɓa na juya bayansa inda ramukan waya suke. DisplayPort guda uku, HDMI ɗaya, sai farin ramin DVI. Na ɗauko tocila na haska ramin DVI ɗin, na kira shi ya matso. A gefe ɗaya na ramin akwai wata 'yar tsaga a kwance. Idan katin yana fitar da siginar analog, za ka ga ƙananan huji huɗu sun kewaye tsagar, biyu sama biyu ƙasa. Shi ne DVI-I. Nasa tsagar ce ita kaɗai, roba lif a kewayenta. DVI-D ke nan, dijital zalla. Tun daga jerin GTX 10 da suka fito a 2016 Nvidia ta daina sa analog a katunanta, AMD ma ta fara janye shi tun kan R9 290 a 2013. Ita kuwa monitata ba ta jin wani yare sai analog: ja, kore, shuɗi, da siginar da ke gaya mata inda layi ya ƙare.

Ya ce to ai akwai 'yar na'urar da ke mayar da HDMI ko DisplayPort zuwa VGA. Akwai, kuma na san wasu na amfani da ita tana yi musu. Amma matsalar ba ta tsaya a bakin waya ba, sai na ɗauko takarda na zana masa.

Monita irin wannan zana hoto take layi-layi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Ta injin gem tana zana layi kusan 15,700 a daƙiƙa ɗaya, abin da ake ce wa kilohaz 15. Ka raba wannan gida 60, ka sami layi kusan 262 a kowane hoto, waɗanda ake gani a cikinsu 224 zuwa 240, sauran suna tafiya ne a lokacin da hasken ke komawa sama. Kwamfuta kuwa mafi ƙarancin abin da ta saba fitarwa shi ne na VGA, kilohaz 31 da rabi, ninki biyu ke nan. Ka tura wa monitar gem wannan, hoto ya wargaje, kuma kana iya ƙona mata kayan ciki. Saboda haka sai an sami katin da direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, zai yarda ya sauko ƙasa ya yi tafiyar monita. A Windows, hanyar da masu wannan harka suka fi bi ita ce CRT Emudriver, direban da aka gyara musamman don wannan aiki, kuma katunan Radeon na AMD yake ɗauka.

Ya yi shiru yana jujjuya katin a hannunsa. Sannan ya ce, "Amma Yaya, ba za ka yi asarar ƙarfi ba? In gem ya fara sarƙewa fa?"

Wannan tambaya ni ma ta daɗe tana cina, sai da na fahimci yadda MAME, manhajar da ke kunna tsofaffin gem ɗin a kwamfuta, ke aiki na sami natsuwa. Tun da Nicola Salmoria ya fito da ita a 1997, manufarta ita ce kwaikwayon ainihin kayan cikin injin, guntu bayan guntu. Duk wannan lissafi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke yin sa, har na wasannin da ke da hoto mai zurfi uku. Aikin kati kawai ya karɓi hoton da aka gama ya miƙa wa monita. Idan gem ya sarƙe a MAME, furosesa za ka duba, musamman saurin ƙwaya ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa. Ka sa kati mafi ƙarfi a duniya, sarƙewar tana nan inda take.

Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci, kuma wanda ya fi damuna a zuciya, shi ne saurin sabunta hoto. Mutane suna ɗauka duk tsofaffin gem sau 60 suke sabunta hoto a daƙiƙa. Ba haka ba ne, kowane kamfani da agogonsa. Pac-Man na 1980 yana kan 60.6. Street Fighter II na 1991, mai ɗigo 384 a kwance da 224 a tsaye, yana kan 59.6. Na injin Neo Geo irin su Metal Slug suna kan 59.2. R-Type na 1987 kuwa 55 ne, Mortal Kombat na 1992 ma bai kai 55 ba. Ka ɗora R-Type a allon da ya kafe a kan 60, ɗayan biyu ne: ko dai a tilasta wa gem ɗin ya bi allon, ya ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, harsasai su riƙa iso maka kafin lokacinsu, ko kuma a bar shi a saurinsa, bangon baya ya riƙa ɗingishi yana yagewa a tsakiya. Na taɓa buga shi haka a kwamfutata ta aiki, na yi ta mutuwa a wuraren da hannuna ya san hanya, na rasa dalili. GroovyMAME, wani reshe na MAME, ita ke magance wannan. Duk gem ɗin da ka buɗe sai ta umarci kati ya koma kan ainihin yawan layinsa da ainihin saurinsa. Katin da zai karɓi wannan umarni ba gardama shi nake nema. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na gaya masa gaskiya cewa da allon LCD na sa a akwatin, da ban ko tsaya tunani ba, katinsa zan ɗauka. A can ne ƙarfi ke da amfani, domin sai kati ya zana layukan CRT na kwaikwayo a kan hoton, kuma da allo mai FreeSync ko G-Sync, wato mai iya sauya saurin sabunta hotonsa, ana iya bin saurin kowane gem. Hanya ce mai kyau, ba na raina mai bin ta. Ni dai na riga na ɗauki tulu.

Bayan ya fita da rana, sai wani kwaɗayi ya taso mini. Daytona USA fa? Wasannin injinan Model 3 da Naomi na kamfanin Sega fa, waɗanda manhajojinsu irin su Supermodel da Flycast suke dogara da kati sosai? Na kusa awa ɗaya ina duba manyan Radeon da suka rage da DVI-I, irin su R9 280X da R9 380. Na ɗauko tef na auna gindin akwatin. 280X dogo ne, yana iya jan wuta har wat 250, yana son wayoyin wuta biyu na daban, ga fankoki. A cikin akwatin katako rufaffe, ƙarƙashin monitar da ita ma zafi take fitarwa, wannan tanda ce. Sannan Daytona an yi shi ne don monita mai kilohaz 24, tawa ba za ta nuna shi yadda yake ba, kuma wasan sitiyari ne, ni kuwa sanda da maɓalli na girka. Na ajiye tef ɗin, na bar zancen.

Katin da na ƙare a kansa yana ɗakin ajiya tun watan jiya, a cikin kwalin tarkacen da na ciro daga wata tsohuwar kwamfuta. Radeon HD 5450 ne, na 2010. Bai fi tafin hannuna tsawo da yawa ba. Babu fanka, sai baƙin ƙarfe mai haƙora da ke shan zafi, ƙura ta cike tsakanin haƙoran. Wutar da yake ci ba ta kai wat 20 ba, gurbin madabod kaɗai ya ishe shi. Na goge shi da burushi, na haska bayansa da tocila: shuɗin ramin VGA yana nan, ramin DVI ma da hujinsa huɗu. Sai da na ji wani sanyi a ƙirjina.

Haɗawar ta cinye yammacin duka. Na fara da allon LCD, don kada monitar ta ga siginar da ba tata ba. Na cire tsohon direba, na sa CRT Emudriver, Windows ta koma yanayin gwaji kamar yadda direban ke buƙata. Na buɗe VMMaker, manhajar saiti da ke zuwa tare da direban, na zaɓi monitar gem mai kilohaz 15, ta jera yanayoyin hoto ta girka su. Sannan na kashe komai, na zare LCD, na haɗa wayar VGA zuwa J-PAC, allon da ke tsakanin kwamfuta da JAMMA, mahaɗin wayoyin injinan gem mai fil 56. Shi ke ƙara wa siginar hoto ƙarfi har ta kai yadda monitar gem ke so, kuma yana tare mitar da ta wuce kima. Duk da haka ban kunna monitar ba sai da na tabbata Windows ta gama tashi, domin rubutun farko da kwamfuta ke nunawa a kilohaz 31 yake fitowa. Akwai wata manhaja, ATOM-15, da ke gyara wannan a cikin katin kansa, amma taɓa ƙwaƙwalwar kati aiki ne da nake so in yi da safe, ido a buɗe.

Na danna makunni. Monitar ta yi ƙaranta na tashi, gashin hannuna ya miƙe da na kusanci gilashin, haske ya taso a hankali. Hoto ya tsaya cak, bai birgima ba. Ya ɗan karkata hagu, ƙasansa ya shige ƙarƙashin firam. Na zagaya baya da sukudireba mai hannun roba, hannu ɗaya a aljihu, nesa da jar wayar nan mai kauri da ke manne a jikin tulu, wadda ke ɗauke da wutar da ta haura bolt 20,000. Ƙanena da ya dawo ya tsaya a gaba yana ba ni labari.

"Ƙara kaɗan, Yaya. Kaɗan. Ya isa, tsaya nan."

Muka buɗe Street Fighter II. Na kai fuskata dab da gilashin. Layukan suna nan ɗaya bayan ɗaya, da siririn duhu a tsakaninsu, inda launi ya yi haske layin ya kumbura, inda ya yi duhu ya sirance. Na ja baya taku biyu, sai duk suka narke suka zama fata da tufa da inuwa. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya ce, "Ashe haka yake." Muka sa R-Type, monitar ta ɗan ƙifta ta koma kan 55, bango ya riƙa wucewa sumul. Hannuna ya tuna hanya. Mun fi awa muna karɓa-karɓa, na taɓa ƙarfen katin, da ɗumi amma ba ya ƙuna.

Da muka zo kan Pac-Man ne sabuwar magana ta fito. Shi allonsa a tsaye yake, ɗigo 288 daga sama zuwa ƙasa, tawa monitar kuwa a kwance na girka ta, kuma layi 288 ba sa shiga a saurin 60. GroovyMAME ta nuna shi da layuka masu karɓa-karɓa, hoton yana ɗan rawa a ido. Ba daga kati ba ne, kowane na sa haka zai yi. Ko in haƙura da rawar, ko in sake firam ɗin yadda monitar za ta riƙa juyawa, wanda ke nufin kwance rabin gaban akwatin. Na rubuta awon firam ɗin a bayan takardar da na yi wa ƙanena zane. Gobe kuma sai na huda ƙofar baya na sa ƙaramar fanka, don kati marar fanka yana son iska ta riƙa ratsa shi, kuma har yanzu ban gwada shi da ƙofar a rufe ba.