Yau ma ba a sallame mu ba

Laraba, da dare.

Tun da sassafe na haɗa kayan ƙanwata, na sa a raina yau sai gida. Jiya da yamma ta haihu da kanta, ba a yi mata aiki ba, jaririyar kuma tubarkalla, har ta kama nono. Da likita ya zo zagaye ya auna ta, jini ya hau zuwa 150/100. Ya tambaya ko kanta na ciwo. Ta sunkuyar da kai, can ta ce tun tsakar dare yake sara mata, ta ɓoye ne don kada a riƙe ta.

Jikina ya yi sanyi. Ni ce fa nake ta yi mata zancen tafiya tun jiya.

"Yaya, ni dai gida nake so," in ji ta, hawaye na zuba.

Wata ungozoma ce ta ja ni gefe ta yi mini bayani. Ko haihuwa ta zo da sauƙi, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai jego ta yi aƙalla awa 24 a asibiti, domin a tsakanin nan ne jini ya fi ɓallewa, kuma da zarar ya kai rabin lita abin ya zama na gaggawa. Hawan jini kuwa, daga 140/90 ake sa ido, don jijjiga tana iya kama mace ko bayan ta sauka. Wannan ban taɓa sani ba. A zatona da an haihu an tsallake.

Sai na fara lura da sauran gadajen. Wadda aka yi wa tiyata yau kwananta 3, sai jiya aka cire mata robar fitsari ta soma takawa. Ta kusa da taga lafiyarta ƙalau, ɗanta ne bakwaini, yana cikin kwalba, ita kuma ba inda za ta je ta bar shi.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce wadda ta sa hannu ta tafi da rana, ko awa 8 ba ta cika ba. Ƙanana biyu ta baro a gida ba mai kula da su, ga kuɗin gado. Ban ga laifinta ba, amma fuskarta ta yi fari fat, kuma har yanzu ina tunanin waye zai duba ta cikin daren nan.

An ba ƙanwata magani. Ƙarfe 10 aka sake aunawa, jinin ya ɗan sauka. Na kwance kayan da na ɗaure, ita da 'yarta suna barci.