Ga Ƙannenmu Masu Kwana Saƙa da Warwara

Ƙannena, mutum yakan kwanta ƙarfe 11 na dare jiki a gajiye liƙis, amma kai ya ƙi tsayawa. Kuɗin makaranta, jarrabawar da ke tafe, maganar da wani ya yaɓa maka a majalisa da amsar da ta kamata ka mayar masa, takardar neman aikin da har yau shiru. A saƙa wannan a warware wancan, sai a ji ladan ya kira assalatu. Mu da muka riga ku shiga wannan hali, da kokawa muka fara: mu runtse ido, mu ce wa zuciya ta yi shiru. Sauran kurakuran duk daga nan suka tsiro, don haka da shi zan fara.

Zuciya ba a yi mata dole. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da ɗalibai ya ce na minti biyar kada su tuna da wata farar dabbar yankin ƙanƙara da ake kira beyar, duk sanda ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake musu mara aka ce yanzu su tuna ta, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tuna ta. Dalilin a fili yake: kafin ƙwaƙwalwa ta tabbatar ba ta tunanin abu, sai ta leƙa ta duba ko yana nan, leƙen kuwa shi ne tunanin. Saboda haka wanda ya ce maka "ka cire abin a ranka kawai" yana nufin alheri, amma aikin da ba ya yiwuwa ya ba ka.

Abin da ke yiwuwa shi ne a yanka wa tunanin lokaci. Damuwa halinta ɗaya da mai bin bashi: in ka ɓuya ya ƙara zarya, in ka fito ka ba shi rana sai ya tafi ya jira. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Thomas Borkovec, da abokan aikinsa ne suka gwada wannan dabara a 1983, har yau kuma masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa suna koyar da ita. Ka zaɓi lokaci ɗaya kullum, minti 20 zuwa 30, wuri ɗaya, ba kan shimfiɗa ba, kuma da tazarar aƙalla awa uku kafin kwanciya. Tsakanin la'asar da magariba ya fi dacewa da yawancinmu. Ka samu ƙaramin littafi da biro, ka raba shafi biyu. A dama ka rubuta abin da ke damunka, a hagu ka rubuta abu ɗaya da za ka iya yi a kansa gobe ko jibi. In tunanin ya zo da hantsi ko tsakar dare, ka rubuta shi a kalma uku ko huɗu, ka ce masa sai la'asar, ka koma abin da kake yi. Zai dawo, ka sake faɗa masa haka. Kwanakin farko sai ka maimaita har ka gaji.

A nan ake yawan ɓata aikin. Wasu su rubuta "rayuwata" ko "talauci", abin da ba shi da hannun kamawa, sai zaman ya koma zaman makoki. Rubuta "kuɗin rajista ya rage dubu 40, wa'adi ƙarshen wata", a gefe kuma "ranar Laraba zan je wajen kawu, in bai samu ba zan tambayi ko ana biya kashi biyu". Wani abin ba shi da mataki ko kaɗan, kamar sakamakon jarrabawar da aka riga aka rubuta, ko ciwon mahaifi da yake hannun likita. Shi ma a rubuta shi, a gefensa a sa "babu abin yi yanzu sai addu'a". Sau da yawa ganin hakan a rubuce ya fi jin sa daga bakin mutum goma. Kuskure na gaba shi ne zarce lokaci. In minti 30 sun cika a rufe littafi ko ba a gama ba, a tashi a kama wani aiki. Kada kuma a yi rubutun a waya, domin saƙo ɗaya zai ja ka wani wuri. A ba abin mako biyu kafin a yanke masa hukunci.

Akwai ƙaramin ƙari da ake yi daf da kwanciya. A wani gwaji da aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Baylor ta Amurka, an sa mutum 57 rubutu na minti biyar kafin barci. Waɗanda suka jera ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka jera ayyukan da suka gama yin barci da kusan minti tara, kuma wanda ya fi fayyace jerinsa ya fi saurin barci. Gwajin ƙarami ne, amma biro da takarda ba su da tsada.

Sai jiki, wanda ya fi zuciya jin magana. Kowa yana cewa "ja dogon numfashi", mu ma mun ja, muka cika ƙirji da ƙarfi muka fesar da sauri, jiri ya ɗebe mu, yatsu suka yi zuƙi-zuƙi kamar ana tsira allura, tsoro ya ƙaru. Yawan zuƙa da fesarwa yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, shi ke kawo wannan. Sirrin yana wajen fitarwa. Bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa in ana shaƙa, yana ɗan raguwa in ana fitarwa, don haka fitarwa ake ja. Ka zauna ko ka kwanta, hannu ɗaya a kan cibiya. Shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu a hankali, cikin ya taso, kafaɗa kada ta motsa. Fitar kana ƙirga shida, ta hanci ko ta ɗan tsukakken baki. Numfashi shida ke nan a minti, alhali babba a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Minti biyar numfashi 30 ne, wato zagaye biyu na gaɓoɓin yatsun hannu ɗaya yadda ake ƙirga tasbihi, ba sai ka kalli agogo ba. In huɗu da shida sun yi maka tsawo fara da uku da biyar. In ka ji jiri, iskar da kake ja ce ta yi yawa, rage ta. Kuma a koye shi da rana lokacin da hankali ke kwance, sau biyu a yini. Wanda bai taɓa gwadawa ba sai ranar da gabansa ke dukan uku-uku zai ce ba ya aiki.

Wanda wuyansa da haƙoransa ke kwana a ɗaure, dabarar wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ta shekarun 1920 za ta yi masa amfani. A ɗaure tsoka daƙiƙa biyar, a sake ta daƙiƙa 15 zuwa 20 ana lura da bambancin. Daga tafin ƙafa, sha-raɓa, cinya, ciki, hannu, kafaɗa, har muƙamuƙi da goshi, duka minti 10 zuwa 15. Ba da dukkan ƙarfi ba, kamar rabi da ɗoriya, in ba haka ba sha-raɓa ta ɗaure maka. Wurin da ke da rauni a tsallake shi.

Yanzu ga abin da ba ma son ji. Da yawa daga cikin "tunanin" nan daga teburin mai shayi aka sayo shi. Sinadarin kafin da ke cikin shayi, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Kofi ɗaya na ganyen shayi yana da miligiram 40 zuwa 50, na kofi kusan 80 zuwa 100, ƙaramin gwangwanin lemon kuzari kusan 80. Wanda ya haɗa miligiram 200 da ƙarfe 6 na yamma, ƙarfe 11 yana ɗauke da 100, ƙarfe 4 na asuba da sauran 50. Lissafa na mai zaman shayi zagaye uku bayan isha, ko ɗalibin da ke haɗa kofi da goro don karatun dare. Sinadarin kafin yana toshe wurin da sinadarin gajiya ke sauka a ƙwaƙwalwa, sai jiki ya gaji kai bai samu labari ba. Mai juna biyu da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ya fi daɗewa a jikinsu. Wasu ƙwayoyin ciwon kai da na mura ma suna ɗauke da shi, a duba kwalin. Ƙa'idar mai sauƙi ce: daga azahar a rufe. Amma wanda ya saba kada ya yanke rana ɗaya, ciwon kai zai sauko masa cikin awa 12 zuwa 24 ya yi kwanaki, ya ce ai gara da. A rage rabi-rabi cikin mako guda. Sigari ma mai tayarwa ce, duk da masu shanta suna rantsuwa tana kwantar musu da hankali. Ƙishirwarta kawai take kwantarwa.

Shimfiɗa kuma tana koyon hali. In kullum a kanta kake juyi da lissafi, wata rana da ka ɗora kai a filo idonka zai bushe, ko da kana gyangyaɗi a zaure minti biyar da suka wuce. Wani masani mai suna Richard Bootzin ya tsara maganin wannan a 1972: kada ka kwanta sai barci ya zo, in ka yi kamar minti 20 ido biyu ka tashi. Ƙiyasi za ka yi, ban da duba agogo, domin lissafin "saura awa uku" wata sabuwar damuwa ce. Wanda ɗaki ɗaya gare shi ko yake kwana da 'yan'uwa, ya sauko kan tabarma ko kujera, haske kaɗan, ya yi abu marar tayar da hankali har hamma ta zo. Ko sau uku ne a dare ɗaya. Da safe a tashi lokacin da aka saba komai munin daren, a fita rana ta taɓa ido. Ramuwar barci har hantsi, da shiga ɗaki tun ƙarfe takwas don a rama na jiya, su ke mayar da dare ɗaya marar daɗi ya zama wata guda. Ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma kafin la'asar.

Waya, ba haskenta ne babban laifinta ba, abin da ke cikinta ne: bidiyon hari da aka turo a guruf ɗin WhatsApp, musu a Facebook, saƙon da aka karanta ba a amsa ba. Garaɓasar data ta tsakar dare ta cinye barcin matasa da yawa. A sa ta caji nesa da hannu awa ɗaya kafin kwanciya.

Musulmi yana da abin da aka koya masa tun yana yaro: alwala, kwanciya ta gefen dama, da tasbihin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali, Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu akbar 34. Inda muke kuskure shi ne zuba su a guje cikin minti ɗaya, baki na motsi zuciya na kasuwa. A ja su a hankali, kowace kalma tare da fitar numfashi, in hankali ya gudu a dawo da shi ba tare da faɗa da kai ba. Sai dai ina roƙonku, kada ku ce wa mai fama da damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Kun ƙara masa abin tunani na dare ke nan, kuma masu tsayuwar dare ma suna kamuwa da ita kamar yadda suke kamuwa da hawan jini.

Kuskure mafi tsada shi ne kemis. Diyazafam da rochi suna sa barci daren farko, shi ya sa suke da haɗari. Cikin mako biyu zuwa huɗu jiki ya saba, guda ɗaya ta daina isa, ranar da aka rasa kuma fargabar ta dawo ninki. Wanda ya daɗe a kansu kada ya tsaya kwatsam, yana iya kawo jijjiga. Likita ne ke rage su daki-daki. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, da tiramol da wiwi, da yawa daga masu shansu da neman barci ko neman mantuwa suka fara.

Akwai inda duk wannan ba ya isa. In rashin barci ya kai dare uku a mako har wata uku, ko zulumi kusan kullum har wata shida, ko mako biyu babu abin da ke yi maka daɗi, abinci ya fita kai, a je asibiti. In ana rama ana ci, ga gumi da rawar hannu da bugun zuciya, a nemi gwajin maƙoƙo, a duba yawan jini kuma, domin su biyun suna kama da fargaba. Mai kwana biyu ko uku babu barci kuma babu gajiya, ga surutu da ɓarnar kuɗi, ko mai jego da ta rikice, ko wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa, wannan na yau ne, ba na gobe ba, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. In za ka je, tafi da kwalayen duk abin da kake sha har na gargajiya, da rubutun mako biyu na lokacin kwanciya, lokacin tashi, da adadin shayi da goron kowace rana.