Asabar ɗin neman bakin bariton

Ranar Talata shugaban ƙungiyarmu ta kiɗan jaz ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba: da zarar masu tarompet sun tashi tsaye, ba ya jin bariton, wato babban saksofon mai sautin ƙasa da nake busawa, ko kaɗan. Mu biyar ne masu saksofon a layin gaba, alto biyu, teno biyu, sai ni a can ƙarshe, kuma nauyin sautin ƙasa a wuyana yake. Bakin busar da nake amfani da shi, Selmer S80 C*, an yi shi ne don kiɗan gargajiyar Turai, mai son sauti a tattare cikin natsuwa. Ya yi mini hidima, amma a jaz na mutum goma sha bakwai haɗiye shi ake yi. Shi ya sa yau Asabar na ɗauki saksofon na nufi titin Rome, bayan tashar Saint-Lazare, inda shagunan kayan kiɗa suke jere a nan Paris.

Shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da akwatin bariton wani aiki ne. Kowa na harara.

Tawa tsohuwar Conn 12M ce, ƙirar Amurka, wadda sautinta mafi ƙasa shi ne wanda ake kira si bemol, ba ta da maɓallin la, sautin da ke ƙasa da shi, irin na saksofon ɗin zamani. Na faɗi haka ne don shi ya yanke rabin hukuncin yau. Mai shagon, wani dattijo mai ƙarancin magana, yana ganinta ya mayar da wasu bakunan cikin aljihun tebur tun kafin in taɓa su. Ya ce tsofaffin Conn an ƙera su ne a zamanin da kogon cikin baki yake da faɗi, in ka sa musu mai matsattsen ciki sautin yakan haura sama da inda ya kamata, sai ka yi ta jan bakin baya har ya kusa faɗowa daga wuyan. Na gwada ɗaya don in ji da kunnena, haka kuwa aka yi, allurar na'urar auna sauti ta ƙi zama a tsakiya.

Abu uku ne ke bambanta baki da baki. Akwai tazarar da ke tsakanin harshen kara, wato siririn karan da ake ɗaurawa a bakin yana kaɗawa in an busa, da leɓen bakin, wadda ake aunawa da ɗaya bisa dubu na inci. A bariton na jaz yawanci tana kaiwa 100 zuwa 120, wato wajen milimita 2.5 zuwa 3. Akwai faɗin kogon. Sai kuma gangaren rufin da ke bayan leɓen daga ciki, wanda a ganina shi ne mai gayya mai aiki. In rufin ya sauko kusa da harshen, iska takan matse ta fita da gudu, sautin ya yi kaifi da tsiwa. In ya yi nisa, sautin ya yi duhu da taushi, amma bai cika tsallake ganguna ya kai bayan zaure ba. Kamfanin Berg Larsen na Ingila ma a jikin bakin yake rubuta wannan: in ka ga 110/1, lambar farko tazara ce, ta biyu daga 0 mafi kaifi take zuwa 3 mafi duhu.

Berg Larsen na ƙarfe na fara ɗauka, kuma na san dalili. Pepper Adams, mutumin Detroit da ya riƙe kujerar bariton a ƙungiyar Thad Jones da Mel Lewis, abokan aikinsa Wuƙa suke ce masa saboda yadda sautinsa ke yanka, kuma tun ina saurayi nake sha'awarsa. A cikin ɗan ɗakin gwajin na ji kamar na zama shi. Tagogi har rawa suke. Sai na sauko ƙasa na ce bari in busa si bemol a hankali, irin busar da ake yi a bayan mawaƙiya, ta ƙi fitowa sai da gurnani. Ba laifin bakin ba ne, an yi shi ne don mai huhu da leɓe irin na wanda ke busa dare da rana, ni kuwa da safe wani aikin nake zuwa.

Abokina ɗan Senegal mai busa tarombon a bayana ya iso wajen sha ɗaya. Zuwansa ya fi komai amfani yau. Mai busa ba ya jin abin da mutane ke ji, domin haƙoransa na kan bakin, sautin yana bi ta ƙashin kansa ya zo masa da kauri da daɗin da ba lalle ya kai mita biyar ba. Na sa shi ya tsaya can ƙarshen shagon ya juya mini baya, ina sauya bakuna ba tare da na faɗa masa wanne ne ba. Wanda na fi jin daɗinsa a kunnena, Otto Link na baƙar roba mai faffaɗan kogo, ya ce yana da kyau ƙwarai amma a ƙofar ɗakin yake tsayawa. Na so in yi gardama, na fasa.

Da Otto Link ɗin na daɗe duk da haka, don ya tuna mini da Harry Carney, mai busa bariton. Tun 1927 yake cikin ƙungiyar jaz ta Duke Ellington har 1974, shekarar da su biyun suka rasu, wata huɗu da rabi kacal tsakani. Sautinsa faɗi gare shi, ƙungiyar duka a kansa take zaune. Yakan riƙe sauti ɗaya ya daɗe ba yankewa, yana shaƙa ta hanci yana tura iskar da ya tara a kumatu, daidai yadda masu algaita ke yi a ƙofar fada a Damagaram. Amma ƙungiyar Ellington an rubuta kiɗanta ne da sanin akwai Carney a ciki, ana buɗa masa fili. Ni ba wanda zai buɗa mini. Shi ma Gerry Mulligan, wani mai bariton, da sautinsa mai sauƙi kamar na teno, a 1952 da Chet Baker mai tarompet su huɗu ne kawai, ko fiyano babu, saboda haka ba ya kokawa da kowa don a ji shi. Duk wanda ya ce maka ga bakin da ya fi na kowa, tambaye shi mutum nawa ne ke busa a bayansa.

Maganar ƙarfe da roba kuma, wadda masu busa ke ɓata dare a kanta, ban ba ta muhimmanci ba. Sifar ciki ce ke yin sauti. Abin da na lura kawai, na ƙarfe siriri ne a baki, na roba yana buɗe muƙamuƙi, kuma ni da buɗaɗɗen muƙamuƙi maƙogwarona ya fi sakewa.

Na fita na yi azahar, na ci abinci, na kira Malam a Yamai, wanda ya fara ɗora mini yatsu a kan saksofon. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai da lambobinsa. Ya bari na gama sannan ya ce, "Ɗana, harshen da ka je da shi sabo ne ko wanda ka saba?" Na ce, "Wanda na saba ne, Malam, lamba 3." Ya ce, "To ka sauko rabin lamba. Baki mai faɗin tazara ba ya son harshe mai tauri, leɓenka ne zai biya kuɗin." Na ce, "Allah ya ƙara girma, zan yi yadda kuka ce." Ya kuma tuna mini da Lekan Animashaun, Baba Ani, wanda ya busa wa Fela Kuti bariton shekaru da dama a Legas, ya ce in saurari yadda yake kafa ƙasa ba tare da ya danne kowa ba. Daga nan hira ta koma kan hunturu da yadda yake tsattsaga masa harsuna, yana ta faman ajiye su cikin ɗanshi.

Da na koma shagon na karɓi harshe lamba 2½ na ɗaura a kan Vandoren V16 B7, na baƙar roba, tazararsa milimita 2.75. Da safe na gwada shi na wuce, don bai ba ni mamaki ba. Yanzu kuwa si bemol ta fito a hankali tun daga numfashin farko, na hau har sautin sama da ake kira fa, allurar ba ta yi yawo sosai ba, kuma bakin ya zauna daram a wuyan Conn, ba a gefen gefe ba. Da na tura iska da ƙarfi ya ba ni ɗan kaifin da nake nema. Abokina daga can ya ɗaga hannu bai ko juyo ba. Ɗan'uwansa B9 mai tazara mafi faɗi ya fi shi ƙara, amma bayan 'yan mintuna na ji gefen leɓena ya fara zubar da iska, mu kuwa in mun hau dandali sai mun yi awa biyu.

Kuɗin ya ciji aljihu, ga sabon maɗauri da kwalin harsuna a kai. Dattijon ya liƙa ɗan faci a inda haƙori ke sauka, ya ce muddin ban bar masa tabo ba ina iya dawo da shi cikin mako in ƙungiya ta ƙi shi. Wannan ya kwantar mini da hankali, don ɗakin gwaji ba ya nuna yadda sauti zai gauraya da na teno biyu da ke gefena.

Na dawo gida kafaɗa tana ciwo. Maƙwabta ba sa yarda da busa bayan takwas, saboda haka na jiƙa sabbin harsunan na shimfiɗa su a kan gilashi, na sa wa kowanne lamba da fensir. Gobe da hantsi zan yi dogayen sautuka daga ƙasa zuwa sama da na'urar a gabana, ranar Talata kuma in roƙi shugaba mu fara da waƙar da tarompet suka fi hayaniya a cikinta.