Saura ƙiris in sayi tafki a Kusuri

Cikin watan Maris wani dillali ya kai ni ganin fili a bayan gari nan Kusuri, garinmu na arewacin Kamaru da ke tsallaken kogi da Njamena, ƙasa ta bushe ƙayau har ta daddare, yana ta rantsuwa wai Alhaji nan ko rijiya ka haƙa sai ka sha wuya kafin ka ga ruwa. Wallahi saura ƙiris in ba da kafin alƙalami, sai ɗan yayata da ke karatun labarin ƙasa a jami'ar Marwa ya ce Kawu dakata tukuna, bari in ɗora wurin a taswira.

Ya buɗe wata manhajar taswira a kwamfutarsa, QGIS, kyauta ma ake sauke ta. Abin kamar shimfiɗa tabarma ne a kan tabarma, ta ƙasa tudu da kwari, ta samanta hanyoyi da gidaje, can sama kuma ya ɗora hoton tauraron Sentinel-1 na Oktoban 2022, lokacin da kogunan Shari da Lagon suka cika suka shanye unguwannin Waliya da Tukra a Njamena. Shi wannan tauraron ko hadari ya rufe sama yana gani, ruwa kuma baƙi yake fitowa a hoton. To filin nawa dai yana tsakiyar baƙin nan, ba gefe ba fa, tsakiya.

Abin da ke ruɗin baƙo shi ne ruwan kogin namu ba ya zuwa tare da damina, sai sama ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sannan na tsaunukan Adamawa da na Afirka ta Tsakiya ke isowa.

Amma yaron bai yarda da kwamfutar ɗari bisa ɗari ba, kuma a nan ya burge ni. Ya ce ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, ma'aunin tudu na tauraro yana yanka ƙasa ne gida-gida, kowane ɗan gida faɗinsa mita 30 ne, kuma yakan yi kuskuren mitoci, alhali mu nan rabin mita ne ke raba mai kwana a ɗakinsa da mai kwana a tanti. Shi ya sa muka koma da wayarsa yana ɗaukar GPS, muna tambayar dattawan unguwa ina ruwa ya tsaya. Wata tsohuwa ta nuna mana shatin ruwa a katangarta, na tsaya na gwada, daidai ƙirjina.

Dillalin har yanzu yana kirana wai ya rage kuɗin.