Babur ɗin Kawu da ɗigon da ya ƙi ƙarewa

Honda CG125 ɗin kawuna ya fi ni shekaru. A 1975 aka fara ƙera irinsa, wannan kuwa tun kafin a haife ni yake kai Kawu gona a bakin kogin Gash, nan Kasala ta ƙasar Sudan. Da ƙafarsa ta yi nauyi sai babur ya shekara biyu a jingine cikin zaure. Ran da ya miƙo mini makulli, abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, kada ka bari ya mutu a hannunka."

Na zuba mai, na buɗe famfon tanki, ko minti biyu ba a yi ba sai ga fetur yana tsiyaya ta ɗan tiyon da ke ƙarƙashin kafireta. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mai ya zama abin tattali a garin nan, kowane ɗigo sai na ji shi a ƙirjina. Na tura babur tsakar gida, nesa da murhun gawayin da Inna ke dafa jabana, wato gahawa, na kwance kwanon kafireta. A ƙasansa akwai jan gari kamar na barkono, tsatsar tanki ce. A cikin kwanon nan akwai fulot mai iyo a kan mai, idan kwano ya cika sai ya tura wata 'yar allura ta toshe hanya. Ƙwayar tsatsa guda ta isa ta hana allurar zama. Na wanke komai, na ɗauraye tanki sau uku, na sa ƙaramin mataci a tiyon mai, na canja allurar don bakinta ya ci har ya yi tsagi. Na mayar, na buɗe famfo. Ɗigo ya dawo, a hankali dai, amma bai fasa ba.

Kwana biyu ina kwancewa ina ɗaurawa, har na fara lanƙwasa harshen fulot, wanda bai yi laifin komai ba. Daga ƙarshe na ɗauki kafiretar a leda na tafi wurin wani dattijon bakanike a unguwarmu. Ko kallon allurar bai yi ba. Ya cire kwanon shi kaɗai, ya riƙe shi daidai a tafin hannu, ya zuba mai har kusa da bakin siririn bututun tagullar da ke tsaye a tsakiyarsa. Aikin bututun shi ne fitar da rarar mai idan kwano ya cika ya wuce kima. Man bai kai bakinsa ba, amma ga shi yana ɗiga ta ƙasa. Ya juya shi a rana ya nuna mini tsaga a tsawon bututun, siririya kamar gashi. "Ka gani, yaro? Allurarka lafiya lau take." Na ce, "Usta, sai sabon kwano ke nan?" Ya girgiza kai, ya bar shi ya bushe sarai, ya goge, ya bi tsagar da dalma.

Ya kuma sa ni na shinshina bakin man inji. Ƙaurin fetur ne zalla, ya gangara ciki lokacin da allura ba ta toshewa. Na juye shi a ranar, kuma tun daga nan ba na kwana ban rufe famfon tanki ba.

Silo kuwa, wato kukan inji a tsaye ba a murɗa totur ba, wata rigima ce daban, ni ne na ɗauka duk ciwo ɗaya ne. Sai da cok yake tashi, in na saki totur ya daɗe yana kuka sama, sannan ya faɗo ya mutu. Na yi ta murɗa sukurorin saiti ba tare da na ƙirga ba, wannan ne babban kuskurena, don na ɓatar da inda suke tun asali. Ashe ramin jet ɗin silo, inda mai ke bi, shi ne ya toshe da dattin tsohon mai. In ka ɗaga shi a haske ko alamar rami ba ka gani. Da silin waya guda na tagulla na buɗe shi, ban yarda da allurar ɗinki ba, domin ƙarfe yana faɗaɗa ramin. Sauran matsalar iska ce ta sata. Da inji yana aiki na fesa ɗan maganin wanke kafireta a mahaɗarta da inji, nan take kukan ya canja. Zoben robar wurin ya bushe ya ƙage saboda zafi. Soson iyakilina mai tace iska ma ya cika da ƙurar guguwar habub, na wanke shi na shafa masa mai kaɗan.

Sai bayan wannan na koma kan saiti. Na bar inji ya yi zafi, na mayar da sukurun haɗin mai da iska ciki a hankali har ya zauna, ban matse ba, na dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, na riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan har kukan ya fi daidaita. Sannan na sauke silo da ɗayan sukurun zuwa wajen juyi 1,400 a minti, da kunne.

Da la'asar na tayar da shi bugu ɗaya a ƙofar gida. Kawu yana kan tabarma, ya karkata kai yana saurare, can ya ɗaga hannu ya ce in rage masa kaɗan. Na rage kwatan zagaye.