Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bakin Tiyo

A makon jiya na tsaya a komawata aiki ɗakin kulawa ta musamman bayan haihuwar 'yata Ummi. Na yi niyyar yau in kawo auren Yaya Sabo, amma wani yaro ɗan acaɓa ya tsaya mini a rai, bari in sauke shi tukuna.

Kafin a hana acaɓa a Kano ne, wato kafin 2013. Mota ta kaɗe shi a hanyar Zariya, cinya ta karye, saifa ta fashe. Aka shiga da shi tiyata, aka turo mana shi wajen ƙarfe biyun dare. Awon jininsa 120 bisa 80, kamar na mai barci a ɗakin uwarsa. Amma tafin ƙafarsa sanyi ƙalau. In na danna farcensa sai ya daɗe fari fat kafin jini ya dawo. Fitsarin da ya kamata mai kilo 60 ya bayar, wajen mililita 30 a awa, ko rabi bai kai ba.

Baffa, Allah ya jiƙansa, noman rani ya yi a Kadawa. In yara suka ce inji yana aiki tunda ga ƙara, sai ya ce, "Ba ƙara ake ji ba, bakin tiyo ake dubawa." To zuciya ma haka take. Awon jini matsi kawai yake gaya maka. Jijiyoyin matashi sukan tsuke su riƙe awon har sai ya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa. Abin nema shi ne lita nawa zuciya ke turawa a minti, wanda ga lafiyayyen babba yake tsakanin 4 da 8.

Na ce wa babban likitan, "Ranka ya daɗe, jinin yaron nan ba ya kai wa gaɓoɓi." Ko ɗago kai bai yi ba. "Sista, awo ya yi kyau. Ki yi aikinki." Da asuba awon ya rushe lokaci guda. Mahaifiyarsa tana baranda da kwanon kunu a cinya, ni aka tura in gaya mata.

Ki yi aikinki. Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin nan a lokacin.

Sai daga baya, a wani kwas, na ji cewa tun 1970 wasu likitoci biyu, Swan da Ganz, a Amurka suka fito da siririn bututun da ake zurawa ta jijiya ya ratsa zuciya har jijiyar huhu, a auna abin da take turawa. A 1988 wani likita, Shoemaker, ya ce a yi ta ƙara ruwa da magani har abin da zuciya ke turawa ya wuce na lafiyayye, binciken baya kuma ya nuna ba kowa hakan ke yi wa amfani ba. Wannan ma Baffa ya sani, don in ruwa ya kwanta a fangalin tumatir saiwa ruɓewa take yi. Na ga huhun da ƙarin ruwa ya cika har mutum yana kumfa ta bututun numfashi.

Mu ba mu taɓa samun bututun nan ba. Wata yarinyar likita, sa'ar Ummi, ita ta zo mana da na'urar hoton zuciya. In majinyaci ba shi da karaya ko rauni a ka, sai mu ɗaga ƙafafunsa tana kallon allo. In abin da zuciya ke turawa ya ƙaru da kamar kashi 10 cikin 100, a ƙara ruwa ko jini. In bai motsa ba, a dakata a nemi wani dalilin. Ranar farko da ta ce, "Mama, zo ki ga bakin tiyonki," don na sha ba ta labarin, sai da na fita na share hawaye.

Babban likitan nan mun haɗu bara a ɗaurin auren 'yar Inna Laraba. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi yara. Na amsa. Yaron kuwa bai tuna shi ba, don sai da na tambaye shi.