Kilo Biyu da Rabi

Ranar Asabar da ta wuce na kwashe bel ɗina da takalmina daga lokar jim, na miƙa makulli ga yaron da ke kan kanta. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shiga wannan ƙofa. Waɗanda muka ɗaga ƙarfe tare sun san labarin, amma tunda kullum sai an tare ni a hanya ana cewa "Ƙato, wai da gaske ka bar gasa?", gara in faɗi labarina da gasar gina jiki sau ɗaya kowa ya huta.

Da langa na fara, kamar kowane yaro a unguwarmu, a kan yashin wani gini da har yau ba a gama ba. In mun je ƙauye da kaka sai kokawa, inda na gane cewa ƙafa da ƙugu ke kai mutum ƙasa, damtse na 'yan kallo ne. Daga baya ƙwallo ta ɗauke ni. Lamba biyar nake bugawa, burina bai wuce in sa rigar Pillars in fito filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Ina shekara goma sha tara gwiwar hagu ta tafi, a wasan da ko ruwan leda ba a sa ba. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, aka ce in riƙa ƙarfafa cinya. Abin da ya kai ni kangon masu ƙarfe ke nan: bencin katako, siminti da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka bututu, da fayafayan birkin tsofaffin motoci.

Ba ni kaɗai na shigo ta wannan hanya ba. Ronnie Coleman ƙwallon Amurka ya buga a jami'ar Grambling kafin ya zama ɗan sanda, kafin kuma ya cinye Mr. Olympia, babbar gasar masu gina jiki ta duniya, sau 8 a jere daga 1998 zuwa 2005. Samson Dauda, haifaffen Legas da ya ɗauki kambun a 2024, rugby yake bugawa a Ingila. Wasan ƙuruciya na ba mutum ƙashi da numfashi da jure wahala. Amma akwai abin da yake ɗora wa yaro wanda ba a faɗa: a fili an koya mana cewa koci ba ya kuskure. In ya ce gudu, gudu ne. Wanda ya tambayi dalili benci zai ɗumama. Da wannan tarbiyya na shiga hannun Oga, kocina a gina jiki.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya ɗauko ni daga kango, ya hana ni zama irin 'yan ƙirji da damtse masu ƙafa kamar ta zalɓe. Shi ya koya mini buɗe gadon baya da riƙe numfashi ina murmushi. Shekara uku ina share masa jim ina haɗa masa faranti, ban taɓa jin nauyin haka ba.

Gasata ta farko babba a Legas ce, mu uku ya tafi da mu. Mako goma sha shida na yi ina shiri: farin ƙwai, kifi, wake, dankalin Hausa, shinkafar da ba mai ba yaji. Bikin ƙanwata aka yi ina zaune da kwanona a gefe kamar mai jinya. Saura kwana uku sikeli ya nuna 82.5, wato ina cikin ajin kilo 85 hankali kwance. Da daddare Oga ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"A 80 za ka shiga. Can babu mai taɓa ka."

Na ce, "Oga, kilo biyu da rabi a kwana uku? Babu sauran kitse a jikina."

"Ruwa ne. Ka taɓa ganin na ɓatar da kai?"

Ya ce in bar gishiri, in rage ruwa zuwa kofi ɗaya, ya miƙo mini wasu 'yan fararen ƙwayoyi a ƙullin takarda. Ban tambayi sunansu ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina, fiye da faɗuwar da na yi. Mutum da gemunsa, ya haɗiyi abin da bai san sunansa ba don wani ya ce.

Doguwar motar dare muka hau. Duk inda aka tsaya sai na sauka fitsari, tun direba na dariya har ya fara tsaki. A wurin awo na hau sikeli: 79.8. Oga ya dafa kafaɗata. Na ɗauka yanzu za a bar ni in sha ruwa, sai ya ce a'a, jiki zai kumbura layukan su ɓace. Dankali da zuma, sai ƙwaya ɗaya kuma da asuba.

Na hau dandamali harshena kamar busasshiyar ganda. Nunin damtse na gaba ya wuce lafiya, har na ji ana tafi. Da aka ce mu juya baya, na miƙe ƙafar dama na danna yatsu, sai sha-raɓata ta ɗaure kamar an ɗaura mata igiyar rijiya. Na yi ƙoƙarin sauya ƙafa, cinya ta kama, cikina ya dunƙule. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne fitilu da ƙamshin man da aka shafa mana.

A asibiti na farka ana mini ƙarin ruwa. Likitar, wata dattijuwa, ta ɗaga ragowar ƙullin da aka samu a jakata ta ce, "Malam, ka san mene ne wannan?" Furosemide ne, wanda aka fi sani da Lasix, maganin da ake ba masu ciwon zuciya ko ƙoda da ruwa ya taru a jikinsu. Yana tilasta wa ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri, fotasiyam ma ya bi su, kuma da fotasiyam tsoka ke motsi, har da zuciya, tunda ita ma tsoka ce. Ta ce nawa ya yi ƙasa sosai, bugun zuciyata ya rikice. Daga baya na karanta abin da ya kamata in sani tun farko. Kusan kashi 75 cikin 100 na tsoka ruwa ne, kuma ƙwaya ba ta bambance ruwan ƙarƙashin fata da na cikin jini. Wato wanda ya bushe kansa ya rage girman abin da ya zo nunawa. Mohammed Benaziza, haifaffen Aljeriya da ya doke fitaccen mai gina jiki Dorian Yates a 1990, bayan wata gasa a Holan ya rasu a 1992 yana da shekara 33, kuma da irin waɗannan magunguna aka danganta mutuwarsa. Paul Dillett a 1994 sandarewa ya yi a dandamalin gasar Arnold Classic, ɗaukarsa aka yi kamar gungume. Duk wannan Oga ya sani. Hoton Yates na manne a bangon ofishinsa.

Bai zo asibiti ba. Yaronsa na ajin 85, wanda wani alhaji ke ɗaukar nauyinsa, ya zo na biyu, suna can ana hotuna. A nan na gane dalilin saukar da ni: kada mu haɗu a aji ɗaya in shiga gabansa. Wayata na sayar na biya kuɗin gado na hau mota. Kafin in iso Kano labari ya riga ni, wai na sha wani abu a ɓoye, wai "yaron ba ya jin magana". Ni da jin magana ya kusa kashewa.

Baba dama bai taɓa son harkar ba. Yana cewa al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, wane irin wasa ne sai an tuɓe? Ban da amsar da zan ba shi a lokacin, yanzu ma ban da ita. Da na dawo bai ce komai ba, sai ya ce wa Umma ta dama mini fura da nono mai yawa.

Ban bar jim ɗin ba, don ba na Oga ba ne, haya yake kamar kowa. Na dai daina share masa. Na sake hawa dandamali sau huɗu da shirin kaina, gorar ruwa a hannu har bakin matakala, na zo na biyu sau ɗaya, na uku sau ɗaya, da ƙafata nake saukowa. Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Awara da wake da ƙwai sun fi rabin gwangwanayen abincin gina jiki da ake sayarwa a kanta, waɗanda wasunsu ma jabu ne. Barci na cikin atisaye. A duba jini da hawan jini kafin shiri da bayansa. Wanda ya ce maka allura "ba ta da illa" ka tambaye shi yaushe rabonsa da gwajin ƙoda. Kofin gasa kuma ba ya biyan kuɗin haya. Abin da na samu a harkar nan, daga horar da masu son rage tumbi na same shi.

Oga muna gaisawa. Na yafe masa, ko dai ina kan hanya.

Da na miƙa makullin, yaron kan kanta ya ce, "Yaya, ka yi mini addu'a, wata mai zuwa Oga zai kai ni Legas." Na karɓi biro na rubuta masa sunan ƙwayar a bayan rasit, da lambata a ƙasa, na ce duk abin da aka ba shi a ƙulli ya kira ni kafin ya haɗiya, ko ƙarfe nawa ne. Ya ninke ya sa a aljihu yana murmushi. Na tambaye shi nauyinsa, ya ce 78.

"Wane aji?"

"Oga ya ce 75."